Katin da Baba Ya Gasa Cikin Leda

Wata Alhamis ce cikin zafin watan Yuni, shekarar da nake aji biyar, wani dogon mutum ya sunkuyo ya shigo shagon kargon Baba a unguwar Al Ras ta Dubai, yana so a aika wa mahaifiyarsa firji da darduma. Ina zaune kan kwali ina yanka wa ma'aikata salatif. Da na ɗaga kai sai na gane shi nan take, domin fuskar nan tana cikin aljihuna. Ɗan ƙwallo ne daga ƙasashenmu, mai buga wa wata ƙungiya a nan. Na zaro katin hotonsa, ya yi dariya, ya ɗauki biron Baba ya sa mini hannu a ƙirjin rigar da ke jikin hoton. Shi kuwa Baba ko a jikinsa, abin da ya dame shi kawai ta ruwa firjin za ta bi ko ta sama.

Mu yaran da muka tashi a Dubai ba mu san tsakar gida ba. Matattakalar bene ita ce dandalinmu, nan muke fakewa daga rana, mu baje katunan 'yan wasa da muke saye a kantin ƙasa, 'ya'yan Nijar da na Kano da na Sudan, ana musaya ana rantse-rantse. Daga makaranta zan ɗauki kular abincin Baba in ratsa layin masu kayan yaji, ƙamshin citta da kanumfari na bina har shago, amma hankalina na can kan katin da ban samu ba. Bayan la'asar mu sauka wani fegi mai yashi a bayan wurin ajiye motoci. Dokar filin guda ce: "Mai silifa, raga!" Ni kuwa da silifa na tashi, saboda haka na daɗe a raga ina shan ƙwallo a ciki ina kallon wasu na yin suna.

Akwai wani tsohon Ba'indiye a Al Karama mai shagon kayan wasanni, yana saye da sayar da katunan da 'yan wasa suka sa wa hannu. Ni da abokina Mudi muka haye ruwa a kwale-kwale muka kai masa katin. Ya duba da madubin ƙara girma, ya duba ni, sannan ya nuna wani jan takalmin ƙwallo da ke rataye, ya ce nawa ne idan na bar masa katin. Sai dai ba ya ciniki da yaro, in zo da babba. Na koma gida ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Na faɗa wa Baba komai, ya yarda zai raka ni ranar Juma'a, ya miƙo hannu ya ce, "Kawo in adana maka. Abu mai daraja ba ya kwana a aljihun yaro."

Sai ka san Baba kafin ka gane abin da ya biyo baya. Mutumin Damagaram ne da ya ga yadda rayuwar baƙo take rataye a jikin takarda. Duk abin da ya ɗauka da muhimmanci, kofin fasfo ne ko biza ko sakamakon makarantarmu, sai ya kai wa masu buga takardu sun gasa shi cikin leda. Kuma a sana'arsa kaya ba ya fita sai an rubuta sunan mai shi da garinsu da baƙin alƙalamin maka. Da safiyar Juma'a ya miƙo mini katina ya sandare yana sheƙi. Zafin na'ura ya narkar da tawadar biron, hannun ɗan wasan ya baje. A baya kuma, da manyan baƙaƙe, Baba ya rubuta sunana: ISSOUFOU ƊAN LAOUALI, DAMAGARAM. Yana murmushi ya ce, "Na sa an plastifiye shi. Ko a teku ya faɗa, kalas, ba abin da zai same shi."

Duk da haka muka je. Tsohon ya juya katin sau ɗaya ya girgiza kai, ya yi wa Baba bayani a hankali cewa katin da aka manne, aka kuma yi wa rubutu, ya tashi daga kayan sayarwa. A kwale-kwale muna komawa Baba ya ce mini, "Garin neman gira na rasa maka ido." Kasuwa ta yi sanyi a shekarar, takalmi bai samu ba, na ƙare kakar a raga.

Yau sana'ata ke nan. Daga ɗakina a Al Rigga nake saye da sayar da irin waɗannan katuna ta waya, ba na taɓa su sai da safar hannu, kuma wanda ya kawo mini gasasshe ni ma kai zan girgiza. An yi bene a fegin nan, yaran matattakala kowa ya kama gabansa. Baba ya koma Damagaram da bizarsa ta ƙare, a can Allah ya karɓi abinsa. Da na nemi wani abu da ya rubuta da hannunsa sai na tarar duk rubutunsa ya bi kwalaye zuwa gidajen mutane, wannan kaɗai ya rage mini. Hannun ɗan wasan ya dusashe, na Baba yana nan baƙi wuluk. Ina kewarsa ƙwarai. Katin na kan teburina, kuma kullum a kife yake.