Apakuki, Mai Fitar da Mu Waje

Kullum da safe Apakuki yakan goge injin ɗaukar hoton ƙashi na asibitin tsibirinmu, ya rataye rigar dalma, sannan ya fara aikin da ya fi ƙi: korar dangi. Mu kuwa a nan Fiji ba ma barin majinyaci shi kaɗai. Mutum ɗaya ya karye, kwale-kwale guda ke rako shi.

Ranar da mai garinmu, dattijo Semesa, ya faɗo daga tsani muka kawo shi ɗakin hoton, surukarsa Litiana na riƙe da kansa, ga ta da ciki ya tsufa. Ni ma ina tsaye a gefe. Apakuki ya dube ni, ya sunkuyar da kai.

"Inna, ku fita. Litiana, ke ce ta farko."

"Kai ɗan nan," in ji Semesa, "ni na yanka aladen sunanka. Hoton nawa ne ko nata?"

"Naka ne, Baba. Amma hasken ba ya tsayawa a ƙafarka. Yana tafe ne kamar igiyar ruwa. In ya bugi ƙwayoyin lantarkin da ke jikinka sai ya bar musu ɗan ƙarfinsa, zangon igiyar ya ƙara tsawo, ya karkace gefe. Ya yi rauni, amma bai mutu ba. Gefen nan kuwa jikanka ne a kwance a cikin Litiana."

"To malamin igiyar ruwa, mun ji," in ji Semesa.

Muka fita ana tsaki. Da yamma sai ga Apakuki a ƙofar mai gari da saiwar yangona, wadda ake kai wa manya don neman gafara, ya zauna ƙasa yana ba da haƙuri. Haka ya yi ta yi shekara da shekaru, duk sanda ya fitar da babba. Muka riƙa karɓa, muna jiƙawa muna sha, har muna yaba ladabinsa. Yau da zai ajiye aiki, in na tuna sai in rasa inda zan sa fuskata.

Apakuki, kai ne ka yarda a kira ka mara kunya don 'ya'yan da ba a ma haifa ba. Mun gode, ɗana, ka yafe mana.

Wata yarinya ce za ta gaje shi, sunanta Unaisi, muryarta ko sauro ya fi ta. In ta ce ku fita, don Allah ku tashi tun ba ta maimaita ba.