Na'ibin da Isiyaku Mai Fitila Bai Samu Ba

Daminar bana ce ta cika shekara bakwai da rasuwar taubashina Isiyaku, wanda mutanen Suleja suka sani da Isiyaku Mai Fitila. Kafin in ce komai a kansa, bari in fara tona wa kaina asiri, kada wani ya riga ni. Na daɗe ina bin mutumin nan da tsani a kafaɗa da naɗin waya a wuya, amma ya koma ga Allah ban san aikinsa ba. An ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. To ni kaina ya yi fari, sai dai furfura ce zalla, kanwar ko ƙurarta ba ta taɓa ni ba. Boko kuwa, ranar da malam ya tambaye ni bakwai sau takwas na nemi izinin fitsari, har yau ban koma ba. Wannan rubutun ma 'yata ce ke bugawa, ina faɗa tana harara ta.

Uwata da mahaifin Isiyaku ciki ɗaya suka fito, don haka tun muna tsirara wasa ne tsakaninmu. Shi ya ce ni bawansa ne, ni in ce shi ne nawa. Ban taɓa gaishe shi ba tare da na soke shi da magana ba, shi ma bai taɓa bari na ci bulus ba. Ya fara da gyaran wutar gidaje, daga baya ya riƙa bin motar safe zuwa Abuja, yana aiki a manyan ɗakunan taro. A can ya koyi sarrafa fitilun dandamali, waɗannan masu juyawa suna canza launi, su bi amarya in tana tafiya, su dushe in ana son mutane su yi shiru. Da ya ga hannunsa ya faɗa, sai ya sayi na'urar sarrafa su ta hannu, abu kamar faifan tebur cike da maɓallai, ya dawo gida ya kafa nasa. Ni ke da tsohuwar a-kori-kura, sai na zama direba, ɗan dako, kuma mai riƙe tsani.

Wata rana a wani biki, na'urar ta sandare ana cikin shigo da amarya. Ɗaki ya yi baƙi ƙirin, baiwar Allah ta yi tuntuɓe da rigarta. Ni dariya na yi har na riƙe ciki. Isiyaku bai ci abinci ba ranar. Ba a jima ba ya sayar da babur ɗinsa ya sayo na'ura ta biyu, na ce masa an taɓa ganin mutum ɗaya da hula biyu?

Yadda yake haɗa su kuwa, ko ni da ban gane ba na san akwai tsari. Waya ce siririya ke fitowa daga kowace, su haɗu a wani ɗan akwati mai ƙyalƙyalin kore. Ta nan suke jin juna. Duk tsarin hasken da ya shirya a ta farko, ta biyun na ɗauke da irinsa, kuma in ta farko ta matsa gaba, ita ma ta matsa. Ba ta ba fitilu umarni, bi kawai take yi, sai fa in ta ji 'yar'uwarta ta yi shiru, nan take ta karɓa daga daidai inda aka tsaya. Da na dame shi da tsiya, sai ya yi mini bayani da abin da ya san zan gane. Ya ce, "Kai bawa, in alwalar liman ta karye a tsakiyar salla, wa yake jawowa? Ai ba ya leƙa waje ya kira mai wucewa. Wanda ke bayansa yake jawowa, wanda aka yi kabbara da shi, ya san raka'ar da ake." Tun daga ranar ta farko ta zama Liman, ta biyu Na'ibi, har masu ɗakunan taro haka suke kiransu.

Akwai dokokinsa da nake ɗauka taurin kai ne. Liman da Na'ibi ba sa shan wuta a soket ɗaya. Na'ibi batir ɗinsa daban, wani jibgegen abu mai karya ƙugu, kuma ni ke ɗaukarsa. Wayar da ke zuwa dandamali ma biyu ce, ɗaya ta bi bangon dama, ɗaya ta zagaya ta hagu, ko da zagayen zai cinye mana waya ninki biyu. Sannan ba a fara taro sai an gwada. Sai ya kunna komai, ya jingina, ya ce, "Kai bawa, karya wa Liman alwala." Ni kuma in fizge filogin. Wannan kaɗai ne aikin da na ƙware a kai, don ɓarna ce. Fitilun ko ƙiftawa ba sa yi. Sai ya yi murmushi kamar wanda aka yi wa albishir da haihuwa.

Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, ya jawo mini kujera ya ce in zauna gaban Na'ibi in ga yadda ake yi. Nakan ce ina ni ina na'ibanci, mutumin da Ƙulhuwallahu ma sai ya yi da gaske? A yi dariya a wuce. Wanda ke zama a kujerar shi ne Emeka, wani mai kula da lasifika a wani coci a Madalla, da muke yawan haɗuwa da shi wajen aiki. Mutumin nan tambaya kamar ɗan sanda. Me ya sa wannan, ina amfanin wancan. Na sa masa suna Sarkin Tambaya, yana dariya yana ci gaba da tambayarsa. Ni a lokacin gani nake na fi shi wayo, tunda ina inuwa ina cin gyaɗa.

Ciwon Isiyaku bai daɗe ba. Ya bar matarsa Hajara da 'ya'ya, ya bar kayan aiki, ya kuma bar alkawarin da ya riga ya ɗauka: wasan kwaikwayon ƙarshen shekara na wata makaranta, a wani ɗakin taro da ke hanyar Tafa. Ya riga ya tsara hasken wasan gaba ɗaya kafin ya kwanta, abin da ya rage a haɗa kaya a riƙa danna maɓalli ɗaya in an canza fage. Mai ɗakin taron ya zo gaisuwa, ya ce wa Hajara in muka iya fitar da wannan aikin, to duk wanda ya biyo baya namu ne. Abincin marayu ke nan ake magana. Hajara ta dube ni ta ce, "Yaya Tanko, za ka iya?" Na bugi ƙirji. Emeka ya aiko cewa zai zo ya taimaka, na ce a gaya wa Sarkin Tambaya ya huta, kayan gidanmu ne.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Da hantsi na isa, na haɗa komai yadda idona ya saba gani, kuma wallahi ya kama. Koren nan ya yi ƙyalƙyali, fitilu suka amsa. Sai dai batir na bar shi a gida, na ce ƙuguna ya huta, ga janareta na aiki lafiya. Na soka Liman da Na'ibi a soket ɗaya. Wayoyin nan biyu na ga ba dalilin wahala, na ɗaure su tare tsaf, na bi da su ta bakin ƙofa na rufe da tabarma. Har ina yaba wa kaina cewa na fi marigayi tsafta. Gwaji kuwa ban yi ba. Wa zan ce wa ya karya alwala, alhali ni ne mai karyawar?

Da la'asar aka fara, an rufe tagogi da baƙin yadi, iyaye sun cika ɗaki. Wasa ya yi nisa, wata yarinya na tsaye ita kaɗai cikin farin haske tana kukan rabuwa da uwarta, mata har sun fara share hawaye. Sai masu abinci suka jawo babbar kular shinkafa ta ƙofar nan. Ta kwashi tabarma, ta kwashi wayoyi, ta fizge soket. Liman da Na'ibi suka faɗi tare. Na rarrafa cikin duhu na mayar, suka farfaɗo, amma ban san yadda ake komawa inda aka tsaya ba. Na danna abin da hannuna ya samu. Sai ga ja da kore da shuɗi suna wulwulawa a kan yarinyar nan kamar ana rawar biki. Ɗaki ya kwashe da dariya, kukan wasa ya koma na gaske, ta ruga ta bar dandamalin. A rayuwata ba abin da nake so kamar in sa jama'a dariya. Ranar na samu, kuma ban taɓa jin abu mai ɗaci irinta ba.

Mai ɗakin taro bai zage ni ba, bai dai sake kira ba. Labari kuma ya riga mu isa gari. Kafin shekara ta zagayo Hajara ta sayar da kayan, ta kama sana'ar ɗinki. Ba ta taɓa yi mini gori ba, har yau in na je sai ta kawo mini ruwa da hannunta, ni kuwa da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Da na sani ƙeya ce, a baya take.

Yanzu in ka bi titi daga Madalla zuwa Zuma, ɗakunan taro sun yi yawa, kowanne da fitilunsa. Na ga masu aikin yau suna yawo cikin jama'a da abu kamar faranti a hannu, suna shafawa haske na canzawa, ba waya ba komai. Nakan tsaya in ce, da Isiyaku na nan me zai ce? Na san zai yi sha'awa, don shi ba mai ƙin sabon abu ba ne, zai karɓa ya jujjuya har mai shi ya gaji. Amma na san tambayar da zai ƙare da ita. Zai ce, to ina na biyun? Kwanan baya na yi wa wani wannan tambayar a wajen wani biki. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Baba, wannan ba ya lalacewa." Na ce Allah ya sa. Ni da na ga abin da kular shinkafa ta yi, ba ni da bakin musu, ba ni kuma da fuskar wa'azi.

Emeka ne ya sayi kayan daga hannun Hajara. Bara na kai wa wani kaya kusa da cocinsu, ya hango ni ya ja ni ciki, ana shirin wani taronsu. Ga Liman, ga Na'ibi, sun tsufa amma suna nan. Ga batir a gefe. Na bi bango da ido, waya ɗaya ta dama, ɗaya ta hagu. Mutum biyu ne zaune a gaban na'urorin, duk shi ya koya musu. Ya ce, "Baba Tanko, zo ka yi aikinka. Karya alwala." A cikin coci fa, da Hausarsa mai karkata. Na fizge filogin. Fitilun ko ƙiftawa ba su yi ba. Na ce masa ƙura ce ta shiga idona.

To abin da ya saura na Isiyaku ke nan, in an auna. Ba gida ya bari ba, ba suna a allo ba. Ya bar wata ɗabi'a ta mutumin da ba ya yarda a kunyata wanda ya tsaya gaban jama'a, kuma ɗabi'ar tana raye a hannun wanda ya zauna ya tambaya. Ni da muka haɗa jini aka ba kujerar farko, na mayar da ita abin wasa. Allah ya jiƙan Isiyaku, ya haskaka kabarinsa fiye da yadda ya haskaka wa mutane dandamali, ya raya abin da ya bari.

Gwajinmu na ƙarshe da shi na wasan makarantar nan ne, a tsakar gidansa, ciwo ya riga ya fara cinsa. Yana zaune kan akwatin kaya, ya rame, ya ce in karya wa Liman alwala. Na fizge, Na'ibi ya karɓa. Wannan karon bai yi murmushin ba. Ya daɗe yana kallon kujerar da ba kowa a kanta, sannan ya kira ni da sunana, ba bawa ba, ya yi mini wata tambaya. Ina ta laluben baƙar maganar da zan mayar masa, sai wani ya yi sallama a waje ya ce in zo in gyara motata ta tare hanya. Na fita da sauri, ina murna na tsira. Abin da ya ce kuwa shi ne, "Tanko, Liman dai na yi masa na'ibi. Ni in tawa alwalar ta karye, wa zan jawo?"