Shekara Huɗu Babu Sara

Davi Ablavi ba ta taɓa shiga aji ba, amma a duk ƙauyen Tsikofe babu wanda ya kai ta sanin atra, itacen nan da ke tsayawa bisa saiwoyinsa cikin laka, inda ruwan kogi ke haɗuwa da na teku. Mahaifinta bai samu ɗa namiji ba, don haka ita ya riƙa sakawa a kwalekwale tun tana 'yar shekara tara. Ya koya mata tsinto 'ya'yan itacen, a soka su a laka idan ruwa ya janye, sannan a jira shekara goma sha biyu. In sun ƙosa, a sare ɓangare guda a sayar wa mata masu bandar kifi, a sake dasa wurin. Haka danginsu suke juya dajin tun kaka da kakanni.

Ta haifi biyar, uku suka rayu. Mijinta, Efo Kudzo, masunci ne har ciwon baya ya sauke shi daga jirgi. Daga nan aikinsa ya koma ɗinkin taru da tsokanarta. In ta dawo da laka har gwiwa sai ya ce, "Mace na aura, ashe ƙaguwa aka kawo mini."

"Ƙaguwar ce ke ciyar da kai," in ji ta. "Matsa in wuce."

Tana da shekara hamsin da takwas wasu masu kuɗi suka zo neman dajin, za su tuge itatuwan su haƙa tafkunan kiwon kifi. Yaovi, ɗan baffanta, ya tsaya kai da fata a sayar. A cikin watan kuma sai ga wani jami'i daga Accra, Mista Dogbe, mutum mai ladabi, wanda ya tuɓe takalmi ya bi ta cikin laka. Ya ce gwamnati ta ware tallafi don kare irin wannan ƙasa ta bakin teku. Dajin zai zauna a hannun dangi, a riƙa biyansu ladan kula da shi, a gina wa mata murhun banda mai cin itace kaɗan. Sharaɗi ɗaya ne: daga ranar da aka shigar da takarda, kada a sari ko sanda har masu dubawa su zo.

"Yaushe za su zo?" ta tambaye shi.

"Kafin damina biyu, Davi. Ni da kaina zan bi takardar."

Ranar taron dangi a gindin kwakwa, Yaovi ya ce, "Waɗancan kuɗinsu a hannu yake. Wannan kuwa baki ya kawo mana. Baki za mu dafa wa yara?"

Ablavi ba mai magana a taro ba ce, amma ranar ta miƙe. Ta ce tafki in ya ƙi, masu shi mota za su shiga su tafi, su bar musu rami. Ta tuna musu shekarar da teku ya cinye layin gidaje biyu a gabas, ya tsaya cak inda atra ya fara. Dattawa suka dubi juna. Togbi, babban dangi, ya ce tunda wadda ta fi kowa sanin dajin ta yarda ta ajiye addarta, kowa ya ajiye. Aka dangwala yatsa.

Ɓangarenta ne ya kamata a sare a shekarar. Ta bar shi tsaye.

Damina biyu suka wuce. Aka ce taswirar da aka haɗa ba ta cika ba, sai an sake awo. Aka sake. Shekara ta uku aka yi zaɓe, sababbin shugabanni suka ce kowace takarda ta koma farko. Aka mayar da Mista Dogbe wani yanki. Ya kira ta a waya ya ba ta haƙuri, ya ce ya bar komai a hannun wanda ya gaje shi. Wanda ya gaje shi bai taɓa taka Tsikofe ba.

Mata masu banda suka koma sayen itace daga wasu ƙauyuka. Samarin da ke sara suka watse, wasu Tema, wasu Lome. Abin da babu wanda ya yi tunaninsa shi ne, masu saran nan su ne ke yashe 'yan hanyoyin ruwa duk rani don kwalekwale ya samu wucewa da itace. Da aka daina sara, aka daina yasa. Laka da ciyawa suka toshe hanyoyin. Ruwan teku ya daina shiga yana fita, wanda ke ciki ya kwanta ya yi wari.

Ita ta fara gani. Ganyen tsakiyar daji ya soma yin rawaya. Ta je wurin Togbi ta ce a tara mutane a yashe. Ya ce, "Wa zan tara, Ablavi? Mu tsofaffi? Kuma wa zai shiga laka kyauta saboda itacen da aka hana shi taɓawa?"

Ta ɗauki shebur ta tafi ita kaɗai. Wata biyu tana haƙa. Abin da ta buɗe da safe, kafin kwana uku ya sake rufewa. Efo Kudzo ya daina tsokanarta. Ya kan dafa mata ruwan zafi ya ajiye a bakin ƙofa.

A shekara ta huɗu masu dubawa suka iso, mutum uku da rigunan ruwa da na'urar ɗaukar hoto mai tashi sama. Ita ta tuƙa su. Suka shiga iya inda kwalekwale zai iya kaiwa, suka tarar da itatuwa tsaye farare fat, babu ganye, babu tsuntsu. Shugabarsu, wata mace mai tabarau, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Mama, tallafin nan na daji mai rai ne. Fiye da rabin wannan ya mutu."

"Da rai muka ba ku shi."

"Na gani a hotunan farko. Amma abin da na tarar shi zan rubuta." Ta sassauta murya. "Akwai wani tallafin na farfaɗo da wuraren da suka lalace. Za ku iya nema."

"Shi kuma damina nawa?"

Matar ta koma kan rubutunta. Ablavi ta juya kwalekwalen.

Ba a kira ta taron da aka yi bayan nan ba, ita ma ba ta tambaya ba. Masu tafki suka dawo, suka saya da arha, tunda yanzu mataccen daji ne. Ta yi zaton Yaovi zai zo ya yi mata gori, har ta shirya abin da za ta faɗa masa. Da ya zo sai ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce, "Davi, na roƙar miki kwana goma kafin motocinsu su shigo. Ki kwashe busasshen itacenki."

Ta kwaso lodin kwalekwale biyu ta kai kasuwa. Mata suka ɗaga suka ji ba nauyi, ƙwari sun cinye cikinsa. Wata da ta daɗe tana sayen itacenta ta ce, "Ablavi, wannan ko tuwon akple ba zai dafa ba." Ta karɓi ɗauri ɗaya don kunya.

Da motocin suka fara aiki, ana jin ƙararsu har tsakar gida. Mutane ba su zage ta ba, sai dai gaisuwa ta gajarce, kuma in ta doso rijiya hira kan mutu. 'Yarta da ke aure a Tema ta aiko su koma can. Efo Kudzo ya ce shi dai zama a ɗaki ɗaya da surukinsa ba zai iya ba, ta je ita, in ta huta ta dawo.

Yau shekara biyu ke nan tana can. Tana ƙulla dokunu, tuwon masarar nan da ake naɗewa a ganye, a bakin titi tare da 'yar tata, hannunta da sauri. Duk ƙarshen wata Efo Kudzo kan kira ta ya ce rufin ɗaki na yoyo, ya tambaye ta yaushe za ta dawo. Ta kan ce sai an ga yadda ciniki ya yi.