Tabarmar da Na Rufa wa Na'urar Sanyi

A bazarar da mahaifiyata ta kwanta ciwo, na'urar sanyaya ɗakinta ta daina aiki. Numfashinta yana sama-sama, zufa ta jiƙa matashinta. Mai gyara na farko ya ce sai ya kai injin Katsina, kwana huɗu. Na san Inna ba za ta jure zafin Daura haka ba.

Bayan azahar na kira wani. Ya zagaya bayan ɗakin, ya duba.

"Malam, wa ya naɗe injin waje da tabarma?"

"Ni ne. Rana tana dukansa, na tausaya masa."

"Ai shaƙe shi ka yi!"

Ya yaye tabarmar, ya sake kunna na'urar. Muka zauna jira, ina salati a zuci. Kafin la'asar, Inna ta ce a miƙo mata mayafi.