Injiniya Abdulbaqi da Kamfanin Jiragenmu na Zaure

Ranar Talata, 14 ga Maris, 2006, bayan sallar azahar, Allah Ya karɓi ran Injiniya Abdulbaqi Isyaku a gidansa da ke Kabara, yana da shekara sittin da tara. Mu na Allah ne, kuma wurinSa za mu koma. Da la'asar muka kai shi makwancinsa.

Injiniya, na ɗauki alƙalami da niyyar kuka, sai na tarar yawancin abin da nake tunawa da kai murna yake sa ni. Bari in rubuta shi yadda ya zo.

Shekara goma sha takwas muka yi tare a wani kamfanin jiragen sama da ba zan ɓata takardata da sunansa ba. Kai kana ƙarƙashin fiffike da sifana a hannu, ni ina ofishin tsare-tsare da digirina na tattalin arziki. Tsofaffin ma'aikata ba su manta ranar da aka kawo maka takarda ka sa hannu cewa wani tsohon jirgi zai iya ɗaukar alhazai ba. Ka duba jirgin, ka mayar da biro aljihu, ka ce in manaja zai shiga da iyalinsa, za ka sake tunani. Bayan wata biyu aka sallame ka. Ba ka kai kuka wurin kowa ba. Ka dawo unguwa kana gyara wa mutane famfo da janareta, mai hali ya biya, marar hali ka ce masa ya gaida gida.

Ni kuwa ban yi shiru ba. Da kamfanin ya mutu, na yi shekaru ina cika majalisar ƙofar masallaci da magana ɗaya: da ni aka ba ragamarsa, da bai mutu ba. Da farar hula suka dawo a 1999 na zaci za a nemi irinmu. Ba wanda ya neme mu. Bakina ya ƙara ɗaci, har ta kai in na zauna mutane sai su fara neman takalmansu.

Kai ba ka guje ni ba. Bara waccan ka aika a kira ni zaurenka. 'Yarka Hasana ta kawo maka tsohuwar kwamfuta daga Legas, da wani wasa a ciki: a ba mutum jari da jirgi ɗaya, ya kafa kamfani, ya zaɓi garuruwan da zai riƙa zuwa, ya yanka kuɗin kujera, watanni suna wucewa cikin 'yan mintoci. Ka jawo mini kujera ka ce, "Ciyaman, ga kamfani na ba ka. Shekara talatin ake so ka riƙe shi. Mu gani."

Na manta rabon da jinina ya motsa kamar ranar. Kano zuwa Jidda, Kano zuwa Legas, Kano zuwa Hartum. Cikin sati biyu ina da jirage tara. Da an kawo wuta sai in bar abinci a kwano in yo gidanka, rigata na jan ƙasa.

A shekara ta goma sha biyu ta wasan jiragena suka tsufa gaba ɗaya, don kusan tare na saye su. Kuɗin gyara ya ninka, suna shan mai ba ƙaƙƙautawa, yau wannan ya makara, gobe wancan ya ƙi tashi, fasinjoji suka koma wurin wasu. Na ce bari in sayar, aka yi mini tayin 'yan gwangwan. Kamfani ya rushe.

A karo na biyu na yi dabarar da muke yi wa mota: na sayi jiragen gwanjo, uku a kuɗin sabo ɗaya. Ka leƙo ta saman tabarau ka ce, "Ciyaman, wannan ai tsufan wani ka sayo, har kana murnar an yi maka ragi." Shekara bakwai suka cinye ni.

A karo na uku na sa jirgina mafi kyau yana zirga-zirgar Kaduna sau shida a rana. Nan ka koya mini abin da ba a koya mana a jami'a ba: ba kalanda kaɗai ke tsufar da jirgi ba, duk tashi da sauka jikinsa yana kumbura yana saki, gajeriyar tafiya ta fi doguwa cin sa. Ban ji ba sai da ya lalace a hannuna, kamfani ya bi shi.

Ranar na daɗe ina kallon allon. Duk abin da na yi shekaru ina zagin manyanmu a kai, ga shi na yi da hannuna, sau uku. Na ce maka, "Injiniya, ashe ƙarya nake yi wa mutane." Ka ce, "Su ba su taɓa zama sun duba inda suka ɓata ba. Danna, mu sake."

Muka sake. Daga ranar da aka sayi jirgi muke fara tara kuɗin wanda zai gaje shi, mu rabu da shi tun yana da daraja, kafin babban gyaran da ake kwance shi ɗaiɗai. Kamfani ya haye shekara ashirin, ya haye ashirin da biyar. A ta ashirin da bakwai ciwo ya kwantar da kai, ka ce kada a ɗauke kwamfutar daga zaure. Babban jirginmu na Jidda yana kawo riba sosai, amma gyaransa ya matso. Uwargidanka Hajiya 'Yardada ta yi mini iso har ɗakinka. Na ce saura shekara uku, mu lallaɓa shi. Ka girgiza kai ka ce, "Yanzu da kake son sa, yanzu ne mai saye ma yake son sa. Sayar."

Na sayar. Sabon da na sayo ya kusan share asusun, na yi shekara biyu ina lallaɓawa. Ranar Lahadi da hantsi, kwana biyu kafin rasuwarka, allon ya nuna shekara talatin cif. Ni Salihu, mai ciwon gwiwa, na ruga cikin gidanka ban yi sallama ba, Hajiya na salati. Ka buɗe ido ka ce, "Jirage nawa?" Na ce goma sha huɗu, babbansu shekararsa tara. Ka yi dariya har da tari, sannan ka ce, "To koma majalisa ka faɗa musu. Amma ka haɗa da sau ukun da ka kashe shi."

Na faɗa musu a zaman makokinka, tun daga na farko, ban rage komai ba. Sun saurara har ƙarshe.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya 'Yardada, da Hasana, da ƙaninka Malam Ilu, da jama'ar Kabara baki ɗaya. Allah Ya jiƙanka, Injiniya, Ya yafe kurakuranka, Ya haskaka kabarinka. Alhazan da ka hana shiga wancan jirgi ba su san sunanka ba; Allah da Ya sani Ya saka maka da Aljanna Firdausi. Mu kuma Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.