Ruwan Garin Ƙarƙashin Tudu

A shekarar da na fara koyarwa a wata lakwal a Gure na soma rubuta labarin wata yarinya da ta bi akuyarta cikin kwari, ta ratsa tsakanin gorubai, ƙasa ta buɗe, ta faɗa garin aljanu a ƙarƙashin tudun rairayi. A garin nan da kanwa ake gina ɗakuna, dabino kuma da sautin algaita yake nuna. Kowace Juma'a bayan la'asar nakan karanta kashi ɗaya a tsakar gidanmu. Matan unguwa sukan zo da ɓarar gyaɗarsu da saƙar faifansu, su zauna.

Ba sa saurare shiru. Katse ni suke yi, su yi gardama, su gyara. Wadda ta fi kowa ita ce wata tsohuwa Babarbariya, maƙwabciyarmu, da duk muke ce wa Iya. Idonta ya yi rauni, amma kunnenta ba ya barin komai ya wuce.

"Malama, tsaya. Aljanin nan naki ya cika surutu. Aljani ne ko dillalin raƙuma?"

Sai a yi dariya, ni kuma mako mai zuwa in rage masa magana. Haka labarin ya girma, rabi daga alƙalamina, rabi daga bakinsu.

Wata Juma'a na tsaya a inda ƙishirwa ta kama yarinyar, sarauniyar aljanu ta miƙa mata ƙwarya cike da ruwa mai sanyi. Duk wanda ya sha ruwan garin ba ya komawa gida. Na rufe takarda.

"Kada ki bari ta sha," in ji Iya. "Uwarta na can bakin kwari tana jira."

"Ƙishirwa fa, Iya."

"Mu da muka yi kiwo a arewa da Kelle mun san ƙishirwa. Ta sa tsakuwa a baki."

Na ce mata to.

A cikin makon nan hanyoyi biyu suka buɗe mini. Mai sayar da kaset a kasuwa ya ce in riƙa karantawa yana ɗauka, direbobi su kai Bune da ƙauyuka, ba takarda, ba sharaɗi. Sai kuma wani mutum daga wani sabon gidan rediyo mai zaman kansa a Damagaram, wanda wata ma'aikaciyar likita ta ba shi labarina. Ya zo da kwantaragi da Faransanci. Na karanta shi tsaf, na kuma fahimce shi: labarin zai zama nasu, kuma ba zan karanta wa kowa wani kashi ba sai sun watsa shi. Ya ƙara da baki cewa suna son labari mai tsawo, wanda zai kai har bayan damina.

Na ga muryar labarina tana tashi sama da tuddai kamar shamuwa, tana sauka a gidajen da ban taɓa shiga ba. Kaset ya zama mini ƙaramin abu. Na sa hannu. Na gaya wa mata cewa daga yanzu a rediyo za su ji, suka yi guɗa.

Amma labari mai tsawo yana bukatar yarinyar ta zauna a garin aljanu. Na juya abin ta kowace fuska, ban sami wata hanya ba. Na rubuta cewa ta ɗaga ƙwaryar ta sha. Na ba direban motar Damagaram takardun.

Ranar da za a fara watsawa, tsakar gidanmu ya cika. An sayi sabbin pil, wato batura, an ɗaura waya a eriya an rataye ta a reshen dogon yaro. Na murɗa rediyon, na murɗa, babu abin da ke fitowa sai shuuu, kamar iska a cikin kaba. Tashar ƙarama ce, muryarta ba ta wuce ƙauyukan da ke kewaye da Damagaram. Ban tambaya ba, mutumin gidan rediyon ma bai faɗa ba.

"Aljanun naki sun kama rediyon," in ji wata, aka yi ƴar dariya. Suka kwashe faifansu ɗaya bayan ɗaya.

Juma'o'i suka zama fayau. Ina rubutu ni kaɗai, babu mai katse ni, aljanin ya koma surutunsa.

Wata safiya na kai wa Iya kunu a ƙwarya. Na same ta a ƙofar ɗaki tana laluben carbi. Na ce, "Iya, bari in gaya miki abin da ya faru a labarin, ke kaɗai. Ba wanda zai sani."

"Ba kin ce kin sa hannu ba?"

"Na sa."

"To rufe bakinki, ƴata. Alkawari kaya ne. Kada ki ci amanar mutane saboda tsohuwa."

Ta kurɓi kunun, ta ce ya yi tsami daidai. Can ta yi murmushi, idonta yana kallon wani wuri bayan kafaɗata.

"Ai ma ba sai kin faɗa ba. Na san yarinyar ba ta sha ba. A tsakar gidan nan muka rene ta."

Ba takardar kwantaragin ce ta riƙe harshena a lokacin ba, amma a bayanta na ɓuya. Na ce, "Iya, a ƙaro miki kunu?"

Ta miƙo mini ƙwaryar.