Haƙorin da Ya Fi Ƙarfin Masara

A wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure, daidai inda ƙaramar hanyar ruwa ta rabu da babba ta shiga gonaki, akwai wani dattijo da ake kira Baba Maikano. Shi ke buɗe ƙofar ruwa ya rufe, tun yana murɗa ƙarfen da hannu ɗaya har ya kai sai ya haɗa da gwiwa. 'Yar gonarsa tana gefen ƙofar, kuma ko me maƙwabta suka shuka, tumatir ko alkama ko shinkafa, shi sai ya ware wa masara 'yan kunyoyi. Da yake ruwa ba ya yankewa, rani da damina da wuya ka rasa ɗanyar masara a wurinsa.

Ba ta kasuwa ba ce, ta yara ce masu famfara. Tun da can Baba Maikano ba ya son ganin an danne yaro an ɗaura wa haƙorinsa zare an fizge. Idan aka kawo masa yaro, sai ya taɓa haƙorin da ɗan yatsa. In bai yi laushi ba, ya ce a koma, bai nuna ba tukuna. In ya nuna, sai ya hura wuta, ya gasa masara mai ɗan tauri, ya miƙa, ya shiga ba yaron labarin wani tarwaɗa da ya taɓa toshe masa ƙofar ruwa. Kafin labari ya ƙare, sai ka ga haƙori a maƙale jikin masara, yaro ya ware ido yana laluben giɓi da harshe. Daga nan a jefa haƙorin kan rufin ɗaki, a gargaɗi yaro ya rufe baki kada ƙadangare ya ga giɓin. Wasu da suka ci masarar nan yau su ke kawo nasu 'ya'yan.

Cikin jikokinsa akwai Mubaraka, 'yar wajen shekara bakwai, abokiyar wasansa. Yana ce mata uwargida, ita kuma tana ce masa mai wawulo, don haƙoran da suka rage masa ba su taka kara sun karya ba. Duk ranar kasuwar Bunkure yana dawo mata da alewa a aljihu. Haƙoranta na gaba duk masararsa ce ta ɗauke su. Wata rana ta dawo daga Islamiyya a firgice, wai ƙawayenta sun ce a birni da filaya ake cire haƙori. Ya yi dariya, ya ce mata muddin yana raye ba mai sa mata ƙarfe a baki. Ta riƙe maganar nan gam.

Sai ga haƙorinta na turmi na ƙasa ya yi rami, ya yi baƙi. Baba Maikano ya taɓa, ya ji shi daram, ya ce bai nuna ba, a jira. Jira kuwa shi ne abin da ya fi iyawa a duniya. Aka sa kanumfari, aka kuskure da ruwan gishiri, ciwon ya lafa ya dawo. Daga baya dasashi ya yi ƙurji, kunci ya kumbura, yarinyar da ke damun gida da surutu ta koma kwanciya a tabarma. Mahaifiyarta Sa'a, matar ɗansa, ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce a hankali, ma'aikacin ɗakin shan magani ya ce a kai ta wurin likitan haƙori, amma Mubaraka ta ce kakanta ya yi mata alkawari.

Da yamma ya gasa masara ya kawo mata, don ya gani da idonsa. Ta karɓa, ta kai baki saboda kada ta ba shi kunya, ta ɗan ciza, sai hawaye. Ya karɓe masarar ya ajiye gefe, ya zauna kusa da ita.

"Uwargida, na yi miki alkawarin da ba ni da ikon cikawa," ya ce. "Wannan haƙorin ya fi ƙarfin masara."

Ta juya masa baya. Bai lallashe ta ba, bai kuma tashi ba. Can ta tambaya ko zai raka ta wurin likitan. Ya ce ƙafarsa ƙafarta.

Washegari ya bar wa maƙwabcinsa Hambali ƙofar ruwa, abin da bai saba yi ba, suka hau mota da shi da Sa'a da yarinyar zuwa birni. Likitar mace ce, mai sanyin magana. Ta duba, ta ɗauki hoton haƙorin, ta nuna wa Baba Maikano sabon haƙori kwance a ƙarƙashin tsohon. Ta ce yawancin haƙoran yara da kansu suke faɗuwa, barin su shi ne daidai. Amma wanda ya ruɓe har ya tara ruwa, ko ya karye, ko ya ƙi motsi alhali sabo ya fito a bayansa, wannan sai an duba. Da an zo tun ramin yana ƙarami, da cikewa za a yi. Yanzu kam in an bar shi zai iya ɓata na ƙasan. Ta kuma yi maganar alewa, dattijo ya sunkuyar da kai.

Aka ba da magani kumburi ya sauka, suka koma ranar da aka sa musu. Aka shafa mata wani abu, aka yi allurar kashe zafi. Ya riƙe hannunta ya fara labarin tarwaɗa, muryarsa na rawa. Bai kai ƙarshe ba aka gama. Mubaraka ta ce a ba ta haƙorinta, aka naɗe mata a auduga.

Bayan ta warware, ya same ta a bakin gona tana cusa haƙorin cikin gasasshiyar masara. Ya tambaye ta me take yi.

"Zan nuna wa ƙawayena su Zuliha ne, in ce masararka ce ta cire. Kada su ce ka kasa."

Ya zare haƙorin ya sa mata a tafin hannu.

"Ki gaya musu gaskiya, uwargida. Ki ce likita ce ta cire, kuma ba ki ji zafi ba. Akwai wanda ke ɓoye nasa ciwon saboda tsoron filaya."

"To, mai wawulo," ta ce. "Amma zan gaya musu kai ne ka fi ni tsoro."

Bai musa ba. Har yanzu yana gasa masara a bakin ƙofar ruwa, sai dai kafin ya hura wuta yakan ce wa yaro ya buɗe baki sosai. In ya hango baƙin rami ko kumburi, sai ya ce a kira masa uban. Ranar kasuwa kuwa, gyaɗa yake dawowa da ita a aljihu, Mubaraka na karɓa tana mita.